Giwa, Aure da Kuɗin Tsufa: Tarihin Ƙorafin Zango da Arewacin Gana

Kai da kake koro shanu daga Barkina ka shigo ta Paga, da kai da kake ɗauko albasar Galmi ka bi ta Bawku har Kumashi, da ke Hajiya mai sarin goro da atamfa tsakanin Tamale da Sankase, yau maganar taku ce. Na san da yawanku za su ce siyasar Ankara, babban birnin Gana, ba ta shafe su ba, tunda wasu ko katin zaɓe ba su da shi. To amma wanda ya yi aure a ƙasar nan, ko ya haifi ɗa, ko ya gina ɗaki biyu a Aboabo, dokar ƙasar ta riga ta shiga gidansa ko ya sani ko bai sani ba. Ran da ya faɗi ya mutu, da ita alƙali zai yi aiki in rigima ta kai kotu.

Jam'iyyar da za mu duba ita ce NPP mai alamar giwa, wadda ta mulki Gana daga 2001 zuwa 2009, ta sake dawowa daga 2017 zuwa farkon 2025. Ita ce ake kira ta 'yan mazan jiya a ƙasar nan: tana girmama sarauta, tana son kasuwa ta yi halinta, kuma kirarinta tun zamanin J. B. Danquah shi ne kowa ya zama mai dukiyar kansa. Tana cikin ƙungiya ɗaya ta duniya da jam'iyyar Rifablikan ta Amurka da ta Konsabatib ta Ingila. Abin dariya, ita ma Rifablikan giwa ce alamarta. Akwai abin da mutanen zango da na arewa suka daɗe suna ƙorafi a kai game da wannan gida, kuma ƙorafin yana da tarihi.

Ka fara sanin cewa a nan Tamale aka haƙa ɗaya daga cikin harsasan gidan. A 1954 sarakuna da 'yan bokon arewa suka taru a garin nan suka kafa jam'iyyar mutanen arewa, ita ma NPP ake taƙaita sunanta, da S. D. Dombo, basaraken Duori, a gaba. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Mumuni Bawumia, mahaifin Dakta Mahamudu Bawumia. Tsoronsu shi ne Bature ya tafi ya bar arewa a baya, ba makarantu, ba hanyoyi, 'yan kudu su gaje komai. A zaɓen shekarar sun sami kujeru da dama, alhali jam'iyyar Dakta Kofi Busia kujera ɗaya tak ta ci, amma daga baya Dombo ya bar wa Busia jagorancin 'yan hamayya. A wancan lokaci mutanen zango ma suna da tasu jam'iyyar ta Musulmi, kuma ɓangaren Busia suka bi. Sun kuwa biya kuɗin wannan zaɓi, don a 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, babban mutumin zangon Kumashi, da wani abokin tafiyarsa zuwa Nijeriya. A ƙarshen shekarar aka hana jam'iyyun yanki da na addini, sai 'yan hamayya suka dunƙule suka zama jam'iyya guda, UP.

Shekara 12 bayan haka Busia ya zama firaminista. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatinsa ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya tattara ya bar ƙasa. Ka tambayi kowane tsoho a zangon Tamale ko Yandi ko Salaga, zai ba ka labari. Mutane fiye da dubu 100 suka fita, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, wasu a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu tun zamanin fataken Gwanja. An sayar da gidaje da rumfuna a kuɗin banza. Mutum ya auri Badagomba, ya rasa ko ya tafi da ita ƙasar da ba ta sani ba ko ya bar ta da 'ya'ya. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a gonar koko ko ramin zinariya ya hau mota da tabarma da buta. Ka ga ke nan aure da tsufa duk wannan oda ta taɓa su, tun kafin a zo maganar wata dokar fansho. A 1970 aka bi da wata doka da ta keɓe ƙananan sana'o'i ga 'yan ƙasa. Nijeriya ta yi nata a 1983 zamanin Shagari, ta koro 'yan Gana kusan miliyan, amma wannan bai goge na 1969 daga zukatan zango ba. Da aka kafa NPP ta yanzu a 1992 ta ce ita magajiyar Danquah da Busia ce, sai zango ya ce to, wanda ya ci gado shi ke biyan bashi.

Jam'iyyar ta san da wannan tabo, ta kuma yi ƙoƙarin wanke shi. Kufuor ya ɗauki Alhaji Aliu Mahama mataimaki har shekara takwas, shi ne wanda filin ƙwallon Tamale ke ɗauke da sunansa. Akufo-Addo ya ɗauki Bawumia, aka buɗe ma'aikatar zango da asusun raya zango a 2017. Daga nan ne ma ƙorafin aure ya samo ƙarfinsa, bari ka ji dalili.

A 1907, wajen lokacin da Turawa suka mai da Tamale hedkwatar arewa, suka yi wata doka ta auren Musulmi. Dokar ta ce in an ɗaura aure, cikin mako guda ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da malamin da ya ɗaura su je ofishin gwamnati a rubuta. Malamin ma sai mai lasisin gwamnati. In mako ya wuce, sai an roƙi alƙalin babbar kotu. Wanda ba a rubuta ba, a idon wannan doka ba auren Musulunci ba ne. Yanzu don Allah duba rugarku ko unguwarku: aure nawa ka halarta, aka raba goro da dabino, aka shafa fatiha, sa'an nan ka ga an kwashi waliyyi da liman an nufi ofishin gunduma? Mutumin da ke bin ciyawa daga Gushegu zuwa Buipe ina ya ga mako guda na zaman layi? Limamai da yawa ba su taɓa jin ana ba da wannan lasisi ba. Abin da kotuna suka riƙa yi shi ne su ɗauki irin wannan aure a matsayin auren gargajiya, in an cika sharuɗɗan al'ada. Auren yana nan, 'ya'ya halal ne, amma mace ba ta da takardar da za ta nuna a banki ko ofishin jakadanci ko gaban dangin miji masu son zuciya. In kuwa an ɗaura auren a Dori ko Tawa aka zo da ita nan, wahalar ta ninka.

Da can akwai wata riba ga wanda ya yi rajista, wato in ya mutu a raba gadonsa bisa shari'ar Musulunci. A 1985 gwamnatin soja ta Rawlings ta soke wannan sashe da dokar gado da ake kira doka ta 111. Ba don Musulmi aka yi ta ba. A ƙasar Asante da sauran Akan ɗan 'yar'uwa ne ke gadon kawunsa, sai a wayi gari an fitar da matar mamaci da 'ya'yanta daga gidan da suka taya ginawa. Don a tsai da wannan aka yi dokar, kuma ta yi amfani ƙwarai a can. Amma kowa ta hau, Kirista da Musulmi da mai bin gargajiya, muddin mutum ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba.

Ga yadda take. Gida ɗaya da kayan gida, har da dabbobin da ake kiwo a tsakar gida, na mata ne da 'ya'ya. Abin da ya rage a kasa shi 16. A ce shanun kasuwa 16 ne: mata su ɗauki 3, ko ita kaɗai ce ko su huɗu ne, 'ya'ya 9, iyayen mamaci 2, sauran 2 a bi al'adar dangi. 'Ya'ya kuwa kai da kai ne, mace da namiji. Kai da ka zauna gaban malam ka san lissafin farilla daban yake: mata tumuni ne nasu in akwai 'ya'ya, wato shanu 2 cikin 16, uwa da uba kowa sudusi, namiji kuma rabon mata biyu. Yawancin gidajen Musulmi malam suke kira ya raba, a tashi lafiya. Amma in mutum ɗaya cikin magada ya ƙi, ya ɗauki lauya, doka ta 111 alƙali zai buɗe. Gidaje sun watse a kan wannan, 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya sun daina gaisawa. Mafita ɗaya da dokar ƙasa ta bari ita ce mutum ya rubuta wasiyya tun yana da rai, da shaidu biyu, ya faɗi yadda yake so a raba. Mu kuwa ka san halinmu, ka ce wa dattijo ya rubuta wasiyya sai ya ce kana yi masa fatan mutuwa.

To ina laifin giwa, tunda Bature ya yi ta farko, soja ya yi ta biyu? Masu ƙorafi suka ce laifinta shekara 16 ne a kan mulki, duk da Musulmi ɗan arewa a kujerar mataimaki, ba ta gyara ko ɗaya ba. An yi daftarin sabuwar dokar aure da saki ta Musulmi, an yi taruka da malamai, mulki ya ƙare ba ta zama doka ba. Tsarin mulkin 1992, a sashe na 22, ya umarci majalisa ta yi dokar da za ta fayyace haƙƙin miji da mata a dukiyar da suka tara tare. Fiye da shekara 30 ke nan ba a yi ba. Ƙungiyoyin mata suka ce jam'iyyar da ke kirarin kowa ya mallaki dukiya ta manta da matar da ta soya ƙosai shekara 20 aka sayi bulo da kuɗinta. A nan dole a faɗi gaskiya, NDC mai alamar lema ita ma ta yi shekarunta 16 kafin 2017, ita ma ba ta yi ba. Sai dai wanda ya fi ɗaga murya a kan darajar iyali shi aka fi tambaya.

An ga irin wannan jan ƙafa a dokar hana duka da cin zarafi a cikin gida. Tun wajen 2002 ake jan daftarin. Inda aka cije shi ne batun miji ya tilasta wa matarsa kwanciya, ko laifi ne ko ba laifi ba. Ministar mata ta farko a gwamnatin Kufuor, Gladys Asmah, ta nuna ɗari-ɗari da daftarin, tana tsoron zai kashe aure. Sarakuna da malaman addini da yawa suka ce gwamnati na leƙa ɗakin da ba nata ba. Masu fafutuka kuma suka ce ana kashe mata ana ta shawara. Sai a 2007, lokacin da Hajiya Alima Mahama, 'yar ƙasar Mamprusi, ke riƙe da ma'aikatar, dokar ta wuce, bayan an cire wancan sashe daga cikinta. Kowane ɓangare ya fita yana gunaguni.

Sai kuma babbar hayaniyar shekarun baya. A 2021 'yan majalisa takwas, bakwai na lema ɗaya na giwa, da Sam George a gaba, suka kawo ƙudurin tsananta hukunci a kan luwaɗi da maɗigo da masu goyon bayansu. Coci-coci suka mara masa baya, haka babban limamin ƙasa Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu. Majalisa ta amince ran 28 ga Fabrairu 2024. Kwanaki kaɗan ma'aikatar kuɗi ta gargaɗi shugaban ƙasa cewa Gana na iya rasa dala biliyan 3.8 na Bankin Duniya. Akufo-Addo ya ce zai jira kotun ƙoli. Kotu ta kori ƙararrakin a Disamba, shi kuma ya sauka bai sa hannu ba, ƙudurin ya faɗi da ƙarewar wa'adin majalisa. Giwa ta sha suka ta fuska biyu. Masallatai da coci suka ce ta sayar da tarbiyya saboda bashi, duk da Bawumia ya fito ya ce shi addininsa da al'adarsa ba su yarda da abin ba. Lauyoyi da malaman jami'a masu kare haƙƙin ɗan Adam kuma suka ce ta yi shiru ana shirin ɗaure mutane shekaru a kan abin da suka ce su ne, har da wanda ya yi magana kawai. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Majalisar da ta sami shekara uku na wannan muhawara ba ta sami wata uku ba ta duba dokar 1907, wadda ke taɓa kowace amarya da kowace mai takaba daga Hamile har Tatale.

Mu zo kan maganar da ba a son yi a bainar jama'a, zubar da ciki. Zan yi ta a taƙaice, da kunya irin tamu, amma sai an yi. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kai tun daga farkon shigar ciki, wasu mazhabobi sun sassauta kafin kwana 120 in da uzuri, kuma galibin malamai sun yarda a ceci uwa in ranta na cikin haɗari. Dokar Gana kuwa tun 1985, ita ma zamanin Rawlings, ta ce laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara biyar, sai a wasu halaye: fyaɗe, ko cikin da muharrami ya yi, ko haɗari ga ran uwa ko lafiyar jikinta ko ta hankalinta, ko mummunar naƙasa ga ɗan tayi. Sharaɗi shi ne ƙwararren ma'aikacin lafiya ya yi, a asibitin da gwamnati ta sani. Giwa ba ta taɓa wannan doka ba. Hasali ma zamanin Kufuor ne, a 2006, hukumar lafiya ta fitar da ƙa'idojin yadda asibitoci za su yi aiki da ita, a 2008 kuma aka sa haihuwa kyauta cikin inshorar lafiya.

Ƙorafin likitoci shi ne an yi doka an ɓoye ta. 'Yan siyasa na tsoron mumbari, ba mai son a ji ta a bakinsa. Binciken lafiyar mata masu juna biyu na 2007 ya gano matan da suka san akwai halin da doka ta yarda ba su kai 5 cikin 100 ba, kuma kusan mace 1 cikin 10 da suka mutu ta dalilin ciki, zubarwa ta ɓoye ce ta kashe su. Su wane ne waɗannan? Da yawa 'ya'yanmu ne, 'yan matan arewa da ke dakon kaya a kasuwannin Kumashi da Ankara, suna kwana a bakin shaguna, wani ƙato ya afka musu da dare. Yarinyar da doka ta ba hanyar zuwa asibiti sai ta tafi wajen mai saiwa ko ta haɗiyi ƙwayoyin kemis, a kawo ta jini ya ƙare. Masu wa'azi kuma nasu ƙorafin shi ne kalmar lafiyar hankali ƙofa ce da aka bari a buɗe, kowa na iya bi. A 2019 da aka ji za a shigar da darasin jima'i a makarantun firamare, limamai da fastoci suka tashi tsaye, Akufo-Addo ya fito ya ce ba za a yi haka a mulkinsa ba.

Ɗaya giwar, ta Amurka, ta fi taɓa mu kai tsaye a wannan fanni. Tun 1984 zamanin Reagan, duk sanda Rifablikan ta hau sai ta hana kuɗin tallafi ga ƙungiyoyin waje da ke zubar da ciki ko ba da shawara a kai, ko da da kuɗinsu suke yi. Clinton ya soke, Bush ya mayar a 2001, Obama ya soke, Trump ya mayar a 2017, Biden ya soke, Trump ya sake mayarwa a Janairun 2025. Zamanin Bush ƙungiyar tsarin iyali ta Gana, PPAG, ta rasa kuɗin Amurka, ta rage ma'aikatan da ke shiga ƙauyuka da maganin tazarar haihuwa. Masu suka suka ce in ka hana mace abin da zai hana cikin da ba ta shirya ba, ka ƙara yawan zubarwar da kake ƙi. Zaɓen da aka yi a wata nahiya, matar ƙauye a arewacin Gana ta ji shi a jikinta.

Yanzu kuɗin tsufa, inda na fi son ka buɗe kunne. Fansho a ƙasar nan da ma'aikatan Bature ya fara, da dokar 1950 da har yau ake kira CAP 30, wadda ma'aikaci ba ya zuba komai, gwamnati ke biya. A 1965 Nkrumah ya kafa asusun ajiya na ma'aikata, a 1972 aka kafa hukumar SSNIT ta riƙe shi, a 1991 aka mai da shi fansho na wata-wata. Da ma'aikata suka yi ta zanga-zanga cewa abin da SSNIT ke biya bai kai na CAP 30 ba, Kufuor ya naɗa kwamitin Bediako a 2004, aka yi sabuwar doka a Disamba 2008, ta fara aiki a 2010. Hawa uku gare ta. Mai aikin albashi ana cire masa kashi 5.5 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara 13. Kashi 13.5 na tafiya SSNIT, 5 ga kamfanonin da ke juya kuɗi. Wanda ya zuba na wata 180, wato shekara 15, ya kai shekara 60, yana da fansho har ya mutu. Hawa na uku na ganin dama ne, nan aka ce ɗan kasuwa da manomi da makiyayi su shiga.

A takarda abin ya yi kyau. Amma cikin kowane ma'aikata 10 a Gana, kusan 8 ba su da albashin wata. Ƙasar da ƙidayar 2021 ta ba mutum miliyan 30.8, masu zuba kuɗi a SSNIT wajen miliyan 2 ne. Ra'ayin giwa shi ne kowa ya yi wa kansa tanadi, gwamnati ta buɗe hanya kawai. Masu suka suka ce wannan tsarin mai albashi ne aka ɗinka wa talaka aljihu a gefe. Bafulatanin da ke kiwon shanun wani alhaji ko wani babban ma'aikaci shekara 30, ladansa nono da ɗan maraƙi, ba takarda ba sa hannu, wa zai zuba masa kashi 13? Ran da ƙafa ta gaza, mai shanu ya kawo yaro ya karɓi sanda. Fanshon makiyayi saniyarsa ce da ɗansa, na ɗan kasuwa kuma adashi da rumfa. Saniyar kuwa ana iya harbe ta, kamar yadda aka yi a Agogo a farkon 2018, ɗan kuma ya tafi haƙar zinariya. Ko wanda ya so shiga, tun 2021 aka haɗa lambar SSNIT da katin ɗan ƙasa, kuma kun fi ni sanin irin tambayoyin da ake yi wa mai suna Jallo ko Bari a wurin yin katin, ko da kakansa a Gana aka binne shi.

Ran 1 ga Disamba 2020, saura kwana shida zaɓe, Akufo-Addo ya ƙaddamar da fanshon manoman koko a Kumashi. Dokar hukumar koko ta yi alkawarinsa tun 1984, don haka ba a ce bai kamata ba. Amma koko ba ya fita a arewa. Mai doya, mai shinkafa, matar da ke tsintar kaɗanya, mai shanun da ke cika Turaku a Ashaiman, su fa? Abin da tsohon arewa ya samu shi ne katin asibiti kyauta in ya kai 70, da tallafin LEAP da Kufuor ya fara a 2008 ga matalauta tuburan. Shekara da shekaru sidi 64 ake ba mutum ɗaya duk wata biyu, sai a 2023 aka ninka. A gefe guda kuma manyan masu muƙami na karɓar kuɗin sallama duk bayan shekara huɗu. A 2022 basaraken Asogli, Togbe Afede, ya mayar da fiye da sidi dubu 365 da aka ba shi na zama a majalisar ba da shawara ta ƙasa, ya ce bai ga dalilinsa ba. Lissafa ka ga tsoho nawa wannan zai biya a sidi 64.

Sa'an nan aka zo shekarar da ta karya amana. A 2022 sidi ya faɗi, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin 100 a Disamba. Ku 'yan kan iyaka kun gani da idonku yadda sefa ta riƙa cinye sidi kullum safiya. A ƙarshen Oktoba shugaban ƙasa ya yi alkawari ba za a yi wa kuɗin kowa aski ba. Ran 5 ga Disamba ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya sanar da shirin sauya takardun bashin gwamnati, a rage riba, a tsawaita lokacin biya. Cikin masu bin gwamnati bashin nan akwai asusun fanshon ma'aikata, da tsofaffin da suka zuba garatutinsu kacokan don gwamnati ce ta ce nan ne wuri mafi aminci. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki, aka cire asusun fansho kafin Kirsimeti. Tsofaffi kuwa sai da suka kwashi kujeru suka zauna a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Fabrairun 2023, wasu da sanda, wasu da maganin hawan jini a jaka. Har tsohuwar alƙaliyar alƙalai Sophia Akuffo, wadda Akufo-Addo da kansa ya naɗa, ta zo ta zauna cikinsu da kwali a hannu. Daga bisani aka ce an tsame su, amma sun sake komawa ƙofar saboda jinkirin biya. Gwamnati ta ce ba yadda za ta yi, sai da haka asusun IMF zai ba da rancen dala biliyan 3, ta kuma ɗora laifi a kan korona da yaƙin Yukren. Mai suka ya ce jam'iyyar da ta koya wa mutane tanadi ita ce ta sa hannu a tanadin.

Ba a gama wannan ba sai ga maganar otal. A 2024 ɗan majalisa Okudzeto Ablakwa ya fallasa cewa SSNIT na shirin sayar da kashi 60 cikin 100 na otal huɗu, har da Labadi Beach, ga kamfanin Rock City na Bryan Acheampong, wanda a lokacin shi ne ministan noma. SSNIT ta ce an bi ƙa'ida, tayinsa ne ya fi. Ma'aikata suka ce kuɗin tsufansu ne, ba za a sayar wa minista mai ci ba. Aka sa ranar yajin aikin gama-gari, ran 12 ga Yuli aka janye cinikin. A shekarar ce kuma aka ji rahoton ƙungiyar ƙwadago ta duniya cewa ajiyar SSNIT na iya ƙarewa a 2036 in ba a gyara ba, hukumar ta ce ba za ta gaza biya ba. Ka tuna tun 2023 ita wannan hukuma ke bin kasuwanni tana roƙon masu sana'ar kansu su shiga ta wayar hannu. Ka ce wa dillalin shanu ya ba da kuɗinsa bayan ya ji wannan labari a rediyo, ai sai ya ce gara ya ƙara karsana.

Duk da haka, wanda ya shiga, ko yana da ɗa ko ƙane mai albashi, ga abu ɗaya da ya haɗa aure da fansho. SSNIT tana da takardar da mutum ke rubuta sunayen waɗanda za a ba kuɗinsa in ya mutu. Da yawa sun cika ta tun suna samari, suka sa uwa ko wa, suka yi aure ɗaya, biyu, uku, ba su koma sun gyara ba. Doka ta tanadi kason yara ƙanana, amma matar da ba sunanta a takarda, ba kuma takardar aure a hannunta, tana fita takaba sai ta shiga yawon ofis da rantsuwa a kotu.

Ran 7 ga Disamba 2024 aka yi zaɓe tsakanin 'yan arewa biyu, Bawumia na Walewale da John Mahama na Bole. Mahama ya ci da kusan kashi 56 da rabi, Bawumia ya sami fiye da 41, ya kuma amsa kaye tun washegari kafin hukumar zaɓe ta gama lissafi. Kujerun Tamale lema ta riƙe su. Mahama ya karɓi mulki ran 7 ga Janairu 2025 da alkawarin soke kuɗin sallamar manya, ya kuma tarar da dokar 1907 da doka ta 111 a inda giwa ta same su ta bar su. Wa'adin rajistar auren Musulmi a ranar da ya hau kwana bakwai ne, kamar yadda Bature ya rubuta.